Sawun Mai Turi

A kasuwar shanu ta Potiskum, in aka ambaci Babaji kowa da abin da zai ce. Dillalai sun ce in kana yi masa magana ba ya kallon fuskarka, ƙafarka yake kallo. Masu lodin tirela sun ce ya taɓa bin sawun wata karsana tun daga kara har bayan Fika, kwana biyu a ƙafa, ya dawo da ita da igiyarta da wanda ya ja ta. Matan Hausari, inda ya zauna bayan shanunsa sun ƙare, sun ce tsoho ne mai rowar magana, ka jera masa gaisuwa ya ce "jam" da Fulatanci ya yi shiru. Wasu sun rantse aljanu ke gaya masa. Shi dai bai taɓa tanka wa kowa ba.

Abin da ba wanda ya taɓa ji shi ne an kira Babaji bin sawun abin da ba ya numfashi, sai ranar wata Juma'a cikin damina.

An yi ruwa da safe, ƙasa ta yi laushi. Wani matashi, Safiyanu, ya ajiye Napep ɗinsa gindin bishiyar maina a ƙofar gidan mahaifiyarsa, ya tafi masallaci a ƙafa. Da aka sauko ya dawo, babu Napep. Makulli kuwa na cikin aljihunsa.

Napep ɗin ba nasa ba ne tukuna. Na Hajiya Meram ne, mai sayar da atamfa, wadda ta sayi guda biyar da kuɗin sallamar marigayi mijinta. Yarjejeniyarsu a rubuce take: Safiyanu zai riƙa kai balas duk mako, wata ashirin da huɗu, in ya kammala keke ya zama nasa. Ya biya wata goma sha takwas ba fashi. Sai ya tsaya. Mako shida ke nan ko sisi bai kai ba. Takardar gidan mahaifiyarsa, Inna Asta, ita aka ajiye jingina a hannun Hajiya.

Kafin ka ce kwabo layi ya cika. Umar Faruk, ƙanin Hajiya, wanda ke karɓar mata balas, shi ya fara zuwa, sai ga ta ita ma a bayansa, ko mayafi ba ta gyara ba.

"An sace?" Umar Faruk ya yi dariya. "Mako shida kana kashe min waya, yau kuma an sace? Da makulli a aljihunka? Malam, faɗi nawa aka saya."

"Wallahi masallaci na tafi."

"Ɓarawo ma yana zuwa masallaci," in ji Hajiya Meram. Ta juya wajen Inna Asta da ke tsaye bakin zaure. "Ke kuma kin haifi ɓarawo kin zauna kina kallo. Ku ji da kyau. Litinin da safe in ban ga kekena ba, shi caji ofis, ke kuma ki nemi inda za ki kai tabarmarki."

Inna Asta ta juya ta dubi gidanta. Gidan ɗaki biyu ne da rijiya, mijinta ya gina shi da kuɗin dako. Ta koma ciki ta ɗauki mayafi, ta fita ta ƙofar baya zuwa gidan Babaji.

Babaji ya zo bayan la'asar da sandarsa a kafaɗa. Ya tarar ƙafafun 'yan kallo sun tattake gindin mainar kamar an yi dambe.

"Ku matsa," ya ce. "Kun zo taimako, kun share wa ɓarawo hanya."

Ya bar tsakiyar layi ya bi gefe, inda ruwa ya tara yashi. Can ya sami tayu uku, na gaba sabo, na baya na hagu ya suɗe. Ya bi su a hankali, Safiyanu na biye. Sun wuce shagon kayan gyara na Ochai, sun kusa kwalbati, sai Babaji ya tsaya ya tsuguna ya daɗe.

"Ɗana, me ya hana ka biya?"

Safiyanu ya sunkuyar da kai. "Inji ne ya buga, Baffa. Abin da na tara ya tafi wajen Yunus bakanike, har yanzu ma yana bi na. Sai kuma aka yi wa matata aiki wajen haihuwa."

"Ka je ka gaya wa mai kaya?"

"Kunya ta hana ni."

"Kunya ce ta kashe maka waya?" Babaji ya ɗago ya dube shi. "Wanda ke bin ka, ƙofarsa ake zuwa tun bai zo taka ba. Ka bar uwarka ta sha zagi a bainar jama'a saboda kunyarka. Je ka karɓo min tsohon kwano a wajenta."

Da aka kawo kwanon, ya kife shi a kan wani cikakken sawu a bakin kwalbati, ya ɗora dutse.

Hayaniya ce ta mayar da su baya. Samari sun taru ƙofar shagon Ochai, wani mutumin Binuwai da ke sayar da tayoyi da man inji. Lissafinsu mai sauƙi ne: maza duk sun tafi Juma'a, wa ya rage a layi? Kuma wa ya san masu sayen kayan Napep a warware?

Ochai na tsaye bakin shago a fusace. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, amma kowa ya gane.

"Shekara ashirin da biyu ina wannan layi! Duk Juma'a wa kuke bar wa shagunanku? Ba ni ba? Kai, Auwal, ranar da matarka ya tashi haihuwa, motar wa ya kai shi asibiti? Yau ni ne ɓarawo?"

Wanda aka kira Auwal ya kawar da kai. Babaji ya ratsa su ya zauna kan wata taya.

"Oga Ochai, ba ni ruwa." Ya sha, ya ajiye kofi. "Me ka gani?"

"Ban gani ba, Baba. Ina ciki ina cin abinci. Amma na ji."

"To me ka ji?"

"An tayar da shi bugu ɗaya. Na ce Safiyanu ya makara masallaci. Ya wuce nan, bai yi nisa ba sai ya yi tari, tuf, tuf, ya mutu. Sai na ji ana ta murza sitata, kirrr, kirrr, har batir ya yi sanyi. Daga nan shiru."

"Ba ka leƙa ba?"

"Napep ya mutu a hanya, labari ne a Potiskum?"

Babaji ya dubi ƙafafun Ochai, manya cikin silifas na roba. Ya miƙe ya fuskanci samarin.

"Wanda ya taɓa ƙyauren shagon nan, sawunsa zan fara bi. Ku watse."

Ya koma bakin kwalbati shi kaɗai. Daga inda ya kife kwano, sawun tayu bai yanke ba, sai dai an sami ƙari a gefensa: ƙafar mutum ɗaya cikin takalmi sau-ciki, wajen yatsu ya nutse cikin ƙasa, dunduniya da ƙyar ta taɓa. Haka ƙafar mai turi take. Ya bi har bakin kwalta, sawu ya ɓace. Bai damu ba. Mutum ɗaya da ke tura Napep da tsakar rana ba ya yin nisa, kuma ba ya zaɓar hawa. Ya bi gangare yana duba kowane lungu. A lungu na uku tayu uku suka sake sauka kan yashi, suka tafi tiryan-tiryan suka shige ƙarƙashin ƙyauren wani kango da ba a gama ginawa ba. Ƙaton kwaɗo na rataye, ba a taɓa lafiyarsa ba.

Wata mata na shanya a gidan da ke kusa. Ya tambaye ta mai ginin.

"Na Hajiya Meram ne, mai atamfa."

Babaji ya ce, "To," ya juya.

Asabar da safe ya sami Yunus bakanike ƙarƙashin wata rumfa, hannu baƙi ƙirin. Labari ya riga ya zaga cewa Yunus ya taɓa rantsuwa zai kwance injin da ya gyara in Safiyanu bai cika masa kuɗinsa ba.

"Na faɗa, Baffa, ban musa ba. Bakanike da bai yi barazana ba yunwa ce za ta kashe shi. Amma in zan ɗauka, da rana zan ɗauka, yana kallo."

"Ba wannan na zo tambaya ba. Ni shanu na sani. Me zai sa Napep ya tashi lafiya, ya yi taku ɗari biyu, ya mutu ya ƙi tashi?"

Yunus ya saki sifana ya fashe da dariya har da buga cinya.

"Na Safiyanu? Ashe ɓarawon ya sha wuya! Kafiretarsa na yoyo, sabuwa kuma tsada. Sai na yanka tiyo na sa masa wani ɗan makullin mai a ƙarƙashin kujera, wajen da ido ba ya kai wa. In ya ajiye keke ya rufe, in zai tashi ya buɗe. In ba ka buɗe ba, ɗan man da ya rage a kafireta zai kai ka bakin kwalbati, shi ke nan. Ko tanki cike yake, sai turi."

"Wa ya san da shi?"

"Ni da shi. Ai ba a gaya wa mai keke an yi wa kayansa dabara."

Daga nan Babaji ya wuce shagon Hajiya Meram. Ta karɓe shi a tsaye.

"In roƙo aka aiko ka, Malam, koma. Marayu huɗu nake ci da su da kekunan nan. Kowa ya karɓa da 'Allah ya saka', in biya ya zo ni ce azzaluma."

"Kina da gaskiyarki, Hajiya. Makulli ɗaya ake sayar da Napep da shi?"

"Biyu. Na ajiya duk suna wajen Umar Faruk."

"Ginin da kike yi a gangare, kina leƙawa?"

"Rabona da shi tun azumi. Siminti ya gagara. Umar Faruk ke riƙe da makullin. Me ya haɗa gini da keke?"

Babaji ya dubi ƙafarta, 'yar ƙarama da lalle cikin silifas. Ya ce, "Mai unguwa na kiran ku bayan la'asar, can ƙofar ginin. Ki zo da ƙaninki."

Mai unguwa Hussain tsohon magatakardan kotu ne, ya yi shekara talatin yana rubuta abin da alƙalai suka yanke. Shi ya tara su: Hajiya da ƙaninta, Safiyanu da Inna Asta, Ochai, Yunus, da rabin layi da ba wanda ya gayyata. Sun iso sun tarar an share ƙofar kangon tas, an yayyafa ruwa. Ba wanda ya kula, kowa ya taka ya wuce ya tsaya inda ya samu.

"Buɗe mana," in ji mai unguwa.

Umar Faruk ya lalubi aljihu. "Ban fito da makullin ba, ranka ya daɗe."

"Ga shi nan cikin zoben makullan da ke hannunka," in ji Hajiya. "Mai jan zare. Buɗe, ina da abin yi."

Ƙyaure ya buɗe. A bayan tulin bulo, an lulluɓe shi da buhunan siminti, ga Napep ɗin Safiyanu. Salati ya tashi. Hajiya ta dafa bango.

Umar Faruk ya riga kowa magana. "Kun gani? Safiyanu ne ya ɓoye shi nan don ya ɓata wa Yaya suna! Ko sun haɗa baki da wancan mai tayoyin!"

"Ta saman katanga suka jefo shi?" in ji Yunus. Aka yi dariya, mai unguwa ya ɗaga hannu.

Babaji ya matso. "Safiyanu, kada ka taɓa. Ranka ya daɗe, sa hannunka ƙarƙashin kujerar direba, ta dama. Me ka ji?"

"Wani ɗan ƙarfe a jikin tiyo."

"A tsaye yake ko a gicciye?"

"A gicciye."

"A rufe ke nan," in ji Yunus. "Ni na sa shi."

Babaji ya juya ga jama'a. "Mutum biyu suka san da ƙarfen nan, mai tuƙi da mai gyara. Da ɗayansu ne, da yatsa ɗaya zai murɗa ya tafi abinsa har Damaturu. Wanda ya ɗauki keken nan yana da makulli, don ba a fasa komai ba. Amma bai san halin abin da ya ɗauka ba. Ya mutu masa a kwalbati, ya tura shi taku ɗari shida cikin rana, ana can ana huɗuba." Ya nuna ƙasar da ya share da sandarsa. "Ga ƙafafunku nan duka, yanzu kuka ajiye min su. Silifas, silifas, takalmin roba, silifas. Sau-ciki guda ɗaya ne, dunduniyar hagu ta ci ta waje, da ƙusa biyu inda mai gyara ya ɗinke. Ɗan'uwansa na bakin kwalbati, na kife shi da kwano. Wanda ke shakka ya zo mu je."

Ba wanda ya motsa. Duk idanu sun sauka kan ƙafar Umar Faruk.

"To sai me?" ya ce da ƙarfi. "Kayanmu ne! Mutum ya saci abinsa? Mako shida bai biya ba!"

"In ɗauka ka yi don haƙƙi, me ya sa ka tsaya jiya kana tambayarsa nawa ya sayar?" in ji mai unguwa. Muryarsa ta canja. "Zauna in gaya maka abin da na ga ana yi shekara talatin. Mutum ya daina biya, ka rubuta masa takarda da shaidu, ka sa masa wa'adi. Bai ji ba, ka kira wanda ya tsaya masa. Bai yiwu ba, ga shugabannin tasharsu, ga ni, a zauna a yi sulhu. Duk ya gagara, ga kotu, kuɗin sammaci bai kai balas ɗin mako guda ba. Alƙali zai duba takarda, ya ce ko a biya kaɗan-kaɗan ko a mayar da keke. Wanda ya biya wata goma sha takwas cikin ashirin da huɗu kuwa, ba a fizge masa kaya a hanya kamar kaza, sai da hukunci. Takardar gida ma ba ta sa ka zama mai gida don ka faɗa a layi. Ƙofofi huɗu a buɗe, kai ka zaɓi taga. Ka bar salla, ka ɗauke a ɓoye, ka dawo kana neman a ɗaure yaro, a kori tsohuwa. So kake ku ci keke, ku ci wata goma sha takwas, ku ci gida?"

"Ban sani ba," in ji Hajiya, muryarta ƙasa-ƙasa. "Wallahi ban sani ba. Umar, me za ka yi da shi?"

Wani direba daga cikin taron ya ce, "Ni ya karɓi kafin alƙalamina ranar Laraba. Ya ce akwai keke mai zuwa, a sake masa fenti kawai."

Hajiya ta miƙa hannu. "Ba ni makullan. Duka." Ya ba ta. Ta ƙulle su a bakin zane.

Mai unguwa ya juya ga Safiyanu. "Kai ma ba ka fita ba. Mako shida na wuyanka, kuɗin marayu ne. Gobe ka zo da shugaban tasharku, a rubuta yadda za ka biya, a ƙara a ƙarshen wa'adi. Ka sake kashe waya, ni zan raka Hajiya kotu da ƙafata."

"Na yarda, ranka ya daɗe."

Hajiya ta gyara mayafi. "Na yafe masa mako biyu. Takardar gida ma gobe a zo a karɓa, a nemi wani mai tsaya masa. Shi ke nan, a tashi."

Ta juya za ta tafi. A lokacin ne Inna Asta, wadda tun jiya ba a ji muryarta ba, ta yi magana.

"Riƙe mako biyunki, Hajiya, zai biya. Ba kuɗi kika ɗauka a ƙofata ba."

Hajiya ta tsaya ba ta juyo ba. Ta dubi mai unguwa, ya kawar da kai. Ta dubi Babaji, shi kuwa ƙasa yake kallo. Ta ce a hankali, "To, a yi haƙuri."

"Da wa kike, Hajiya?" in ji Ochai. "Mu nan baya ba mu ji ba."

Hajiya Meram ta juyo. Ta tako har gaban tsohuwar, ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen yashi da atamfarta mai tsada, ta ɗaga murya yadda na bakin lungu ma suka ji.

"Inna, ɗanki ba ɓarawo ba ne. Ɓarawon daga gidana ya fito. Oga Ochai, saboda mu aka taru a ƙofarka. Na yi muku ƙazafi, ke kuma Inna na zage ki da girmanki. Don Allah ku yafe min."